Zabuwar da Na Kai Kudu Don Kada a Tuɓe Sule

Tun da na dawo daga kudu ban sha shayi da zafinsa ba. Da na zauna a teburin Sani mai shayi sai wani ya matso: "Malam Idi, wai da gaske ka durƙusa wa mace a bainar jama'a?" Kafin in buɗe baki wani ya ce, "A'a, ba mu na zabuwar tukuna." Jiya har gona Ɗanjuma ya bi ni, ya tattake mini wake wajen jin labari. To na gaji. Na sayi littafi mai layi da biro, zan rubuta sau ɗaya, wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba. Kun san ni. Na yi firamare har aji huɗu a Dawakin Tofa kafin Baba ya ce gyaɗa ta fi malamai bukatata, kuma kafin zuwan waya duk wasiƙar da ta shigo garin nan ta hannuna ta bi. Saboda haka abin da za ku karanta ilimi ne, ba hirar majalisa ba.

Sule ɗan yayana ne, marigayi Haruna. Ku kuna ce masa Farfesa, ni kuwa Sule nake ce masa, don ni na riƙe shi ranar da wanzami ya yi aikinsa. Shekara huɗu ke nan da aka naɗa shi Furobos a wata jami'a can bayan an haye kogin Kwara. Furobos shi ne shugaban kwalejin koyon aikin lafiya. Masu koyon likita, masu haɗa magani, nas-nas, masu cire haƙori, masu leƙa jini a madubi, duk a ƙarƙashinsa suke. Lokacin naɗin mun yanka rago, mai unguwa ya yi jawabi. Tun daga nan sau biyu muka gan shi, kowanne ya zo da hantsi ya tafi da la'asar, waya manne a kunne.

Ana tsakiyar noman farko, ranar wata Asabar, Sani ya miƙo mini wayarsa ya ce in duba abin da aka turo. Hoton wata mata ne da tabarau, a ƙasa an yi rubutu da Turanci. Na bi shi da yatsa sau uku. Sabuwar Furobos, za ta karɓa ranar Alhamis. Na ajiye kofi na ce, "Jama'a, an tuɓe Sule."

Na buga masa waya nan take. Ya ce, "Gaskiya ne, Baffa, Alhamis zan miƙa, alhamdu lillahi. Ina cikin taro, sai na zo." Har da dariya. Ni na san irin wannan dariyar, ita na yi shekarar da fari ya cinye mini gero.

Kafin magariba labari ya kai wa Tabawa, uwar Sule. Tun tana amarya a gidan yayana muke wasa, ina ce mata tsohuwa mai ran ƙarfe, tana ce mini Aji-Huɗu. Sule ɗan farinta ne, don haka ba ta taɓa faɗin sunansa ba, ba ta tambayar lafiyarsa a gaban mutane, "wancan" take cewa. Tana yarinya a garinsu, can wajen Shanono, ta ga an tuɓe dagaci da idonta. Aka warware rawani, aka sa shi a mota kafin rana ta faɗi, aka kai shi garin da ba shi da kowa, can ya mutu. Da na shiga na tarar da kwanon tuwonta a rufe. Ta ce, "Idi, wanda aka tuɓe ba ya kwana a gari. Ina za su kai wancan?"

Lahadi ba ta ci ba. Litinin ba ta ci ba, sai ruwan kunu da kyar. Na tsaya a bakin ɗakinta na ce, "Tsohuwa, in mutuwa za ki yi ki bar mini tunkiyar nan." Ba ta rama ba. Nan na san magana ta girma.

Na je wajen mai unguwa. Ya ce abin da ba a miƙa ba ba a rasa ba, tunda sai Alhamis, akwai sauran kamun ƙafa. Ya ce in na shiga gaban manya in cire takalmi, kada in ɗaga kai, kada in tambayi laifin, in dai ba da haƙuri. Na kama zabina biyu mafi ƙiba na sa a kwando, na ƙulla goro da daddawa. Ban gaya wa Sule ina tafe ba, don wanda za a roƙa wa gafara ba a shawara da shi.

Talata da asuba ɗan acaɓa ya fitar da ni titi, na shiga motar Dawanau, daga nan tasha a Kano, na samu bas mai zuwa kudu. Kwando na ƙarƙashin kujera, ni a samansa kamar mai kwanci. A Zariya aka ƙaro wani Bazazzagi mai fataucin tattasai, Malam Tanimu, aka matse shi a jikina. Ya ji motsi a ƙasa, ya leƙa, ya ce, "Bakano da kyautar zabi biyu? Lallai abin da za ka karɓo ya kai raƙumi."

Na ce, "Ai da Zariya za ni da ba zan wahalar da zabi ba, rake guda ya isa a yafe mini kisan kai."

Muka shirya. Na ba shi labari, ya girgiza kai ya ce, "Mace kuwa ta tuɓe shi? Baba, ƙaro goro."

Mun isa Lakwaja da magariba, muka kwana a masallacin tasha. Da safe na ga Kwara da kyau. Ruwa ne har inda ido ya tsaya, ba wanda ya sa masa injin ban-ruwa, ba albasa ko kunya ɗaya a bakinsa. Na kau da kai don kada raina ya ɓaci.

Da hantsi muka kai iyakar wata jiha. Wasu mutane ne da katako mai ƙusoshi a kan titi, kowa da irin rigarsa. Ɗaya ya zagayo ya ji zabi, ya ce in ba shi takardarsu. Na amsa masa da Turanci, Tanimu yana ɗan taimaka mini a wuraren da mutumin bai gane ba, wato dukkansu. Na ce ni kaina ba ni da takardar haihuwa, balle zabuwa. Ya ce sai ya duba lafiyarsu. Na ce kada ya buɗe. Ya buɗe. Babbar ta buge masa fuska da fiffike, ta haye motar, ta shiga dajin nan nasu mai duhu. Ni da shi muka tsaya muna kallon inda ta bi. Can ya gyara hularsa ya ce biyu ne suke bukatar takarda, guda ɗaya guzuri ce, mu wuce. Tanimu ya yi dariya har ya shaƙe da goro. Ya ce, "Ka ga, lafiyarta ƙalau."

Inda muka tsaya cin abinci aka kawo mini wani tuwo baƙi kamar yana zaman makoki, amala sunansa. Miyar kuwa da na ɗanɗana sai na gane ta: lalo ne, wanda muke tugewa a gona mu ba awaki, shi aka kaɗa aka ba shi suna mai daɗi. Barkonon da ke kai ne ba na wasa ba. Na yi kuka, Tanimu ya ɗauka Sule nake tunawa, ya dafa ni. A mararraba ta gaba ya sauka, yana cewa in an kore mu mu biyo ta Zariya, suna karɓar 'yan gudun hijira.

Da la'asar na isa jami'ar. Ku da kuke faɗa a kan taku ɗaya na iyakar gona, ku saurara. Wurin nan ya fi garinmu da gonakinsa girma, a tsakiyar damina, babu karan gero ko ɗaya. Ciyawa suka shuka. Ciyawar kuma in ta yi kyau sai wani ya zo da inji ya aske ta ya zubar a rami. Na tsaya na tambaye shi ina dabbobin, ya ce babu. Na ce a raina, masu wannan aikin ba abin da ba za su iya yi wa Sule ba.

Aka nuna mini gidan Furobos. Da na shiga sai ga kwalaye ko'ina, an sauke labule, matarsa da yara an ce sun riga sun yi gaba. Sule ya fito da singileti, ya gan ni da kwando, ya ce, "Baffa, lafiya? Inna ce?" Na ce lafiyarta lau, don ba a ƙara wa mai kaya kaya. Na dube shi. Kansa ya yi fari fat, ya fi nawa.

Ya zaunar da ni ya yi bayani. Wai wa'adi ne. Wai malamai ne suke jefa takarda a akwati su zaɓi ɗaya daga cikinsu ya riƙe shekara biyu, in sun ga dama su ƙara masa biyu, daga nan ko waliyyi ne sai ya sauka. Na ce, "Sule, duk wanda aka tuɓe haka yake cewa." Zai ƙara magana waya ta yi ƙara. Man injin da ke sanyaya ɗakin gawa ya ƙare. Ya ajiye, ta sake: shugabannin tsangaya biyu, Din suke ce musu, wato hakimansa, suna faɗa a kan ɗakin karatu ɗaya. Ya ajiye, ta sake: wani uba yana roƙo a kan ɗansa da ya faɗi jarrabawa sau biyu, Sule yana cewa, "Alhaji, in na bar shi ya wuce, wata rana kai zai yi wa allura." Shinkafarsa ta huce a gabansa, ni na taimaka mata.

Da yake gidan ya zama kwali, masaukin baƙi ya kai ni. Ɗaki ne mai injin sanyi, na kasa gano inda ake kashe shi, na kwana da babbar riga da hula. Zabuwa na sa ta a banɗaki, don ya fi ɗakina na gida tsabta. Ashe banɗakin yana amsa kuwwa. Gari na wayewa ta fara kuka, sai ka rantse zabi goma ne. Matar da ke shara ta buɗe ƙofar ta duba, ta yar da tsintsiya, ban sake ganinta ba.

Sule ya ce zai aiko a ɗauke ni ƙarfe goma. Ƙarfe tara na fita da ƙafata, zabuwa a hammata cikin riga, don in riga shi ganin manya. Na shiga ginin kwalejin, na buɗe ƙofar farko, sai ga gadaje a jere da marasa lafiya. Na ƙarshen yana kwance baki buɗe, ido a sama. Na ce, "Sannu, bawan Allah, Allah ya sa kaffara ne." Bai amsa ba. Sai wasu 'yan mata da fararen riguna suka shigo, ɗaya ta hau ƙirjinsa da hannu biyu tana danna shi kamar mai kwaɓa fura. Na daka mata tsawa. Wata 'yar arewa a cikinsu ta ce, "Baba, roba ne. A kansa muke koyo kafin a ba mu mutum." Ta cire masa hannu ta miƙo mini. Na ce dama na sani, gwada su nake, kuma sun ci. Ita ta raka ni zauren taro.

Zauren ya cika. A sama akwai dogon tebur, mataimakin shugaban jami'a a tsakiya, Sule a dama da wata riga ja da hula mai laɓa-laɓa kamar wainar da ta zube, matar nan mai tabarau a hagu. Aka yi jawabai, na gane wajen rabin gaisuwar. Sai Sule ya miƙe ya ɗauko wani ƙaton fayil da maƙullai da hatimi, ya juya wajenta. Na ce in ta taɓa an gama.

Na cire takalmi, na bi tsakiyar zaure, na hau, na zube a gabansu, na fito da zabuwa na riƙe ta da hannu biyu. Na fara da Turanci, ya ƙare a jimla ta biyu, na koma Hausa. Na ce, "Ranku ya daɗe, yaro ne. Ban tambayi laifinsa ba. Ku ci shi tara, ku rage masa ƙasa, ku ƙwace motar, amma kada ku fitar da shi gari. Yana da tsohuwa a gida, yau kwana biyar ba ta ci abinci ba, tana tambayar inda za ku kai shi."

Da farko an fara dariya. Da wani ya fassara ƙarshen sai zauren ya yi tsit, zabuwa kaɗai ke magana. Ban ɗaga kai ba, kamar yadda mai unguwa ya ce, amma na ga fayil ɗin ya sauka a tebur.

Sai na ga gwiwoyi a gabana. Matar ce ta sauko ta durƙusa ita ma. To ga amsarku, masu tambaya: na durƙusa mata, ta durƙusa mini, an yi canjaras. Ta ce da Hausa tsantsa, "Baba, sannu da hanya. Sunana Abeke, a Bichi aka haife ni, babana tela ne a can. Malam Sule shi ya koyar da ni tun ban san inda hanta take ba. Wallahi da doka ta yarda da na taya ka roƙon, don ni tun da aka zaɓe ni barci ya ƙaurace mini."

Na ce, "'Yar nan, ba ke kika tuɓe shi ba?"

Ta ce, "Lokacinsa ne ya tuɓe shi. Ni ma shekara biyu suka ba ni. Dubi layin gaba."

Wasu tsofaffi uku ne a zaune, kowa da faranti a cinya, suna cin cincin. Ta ce duk sun riƙe kujerar nan kafin Sule. Ban yarda ba sai da na sauka na duba su ɗaya-ɗaya. Ƙosassu ne, ba wanda ya yi kama da mai baƙin ciki. Na sa ta tambayi na tsakiya ina aka kai shi bayan an sauke shi. Ya haɗiye cincin ya nuna da yatsa ya ce ofis na gaba. Na uku ma wai yanzu a ƙarƙashin ɗalibinsa yake koyarwa, yana neman izini kafin ya yi tafiya, kuma hawan jininsa ya sauka.

Nan ilimina ya yi aiki. Na gane mu ne muka yi kuskure tun ranar da muka yanka rago. Mun ɗauka sarauta aka ba Sule, ashe makara ce. Ka sa kafaɗa ka yi 'yan taku, wani ya zo ya karɓe ka, ba wanda yake cewa an wulaƙanta shi. Na faɗa musu haka, ta fassara, aka yi ta tafi, tsofaffin nan uku suka fi kowa. Na miƙa mata zabuwar tunda dai ta riga ta zo. Ta karɓa ta ce, "Baba, bayan shekara biyu ka dawo da wata, amma a roƙa mini kada a ƙara."

Sule bai yi dariya ba. Yana miƙa maƙullan ya ja ni waje ya ce, "Baffa, kwana biyar, ka ce mini lafiyarta lau?" Ya buga wayar gida, aka kai wa Tabawa, ta ƙi karɓa. Na ce, "Ba za ta yarda da waya ba. Ni ma da na gani da ido da kyar na yarda. Ita dai ta san wanda aka tuɓe ba ya kwana a gari."

Ya ce, "To ai gaskiyarta. Wanda ya sauka ana ba shi shekara guda ya je wata jami'a ya koyar, ya huta. Ni Kano na zaɓa. Can yara suka yi gaba. Na ce maka sai na zo."

Na ce, "Sule, sai na zo ai kowa ma yana faɗa. Ka san zabuwar da na rasa a hanya?"

Da niyyarsa sai Asabar, amma ya bar kwalayen wa mai babbar mota, muka tashi a ranar bayan azahar, cikin tsohuwar motarsa, shi ke tuƙi, don direba da motar ofis sun koma wajen Abeke. Da muka bi ta gaban ofishinta na ga layi har waje, kowa da fayil, Din ɗin nan biyu a gaba suna nuna wa juna yatsa. Wayar Sule kuwa tun daga nan har Lakwaja ba ta yi ƙara ba. Sau biyu yana ciro ta ya duba ko ta lalace. A iyaka na sa ya rage gudu na leƙa dajin, ban ga kowa ba.

Juma'a da la'asar muka shigo gari. Tabawa na kan tabarma a ƙofar ɗakinta, ta rame, kwano a rufe a gefenta. Sule ya cire takalmi ya durƙusa nesa kaɗan ya gaishe ta. Ba ta dube shi ba. Ni ta kalla.

"Idi, sun tuɓe shi?"

"Sun tuɓe shi."

"Ya kwana a garin?"

"Bai kwana ba."

Ta gyara zaninta. "Ina suka ce a kai shi?"

Na ce, "Nan. Shekara guda cur. Kano zai riƙa zuwa aiki, amma hukuncin ya ce Juma'a da Asabar da Lahadi a gidan nan zai yi su." Wannan na ƙarshen ni na ƙara, Sule ya ji, bai musa ba.

Sannan ta jawo kwanon ta buɗe, ta taɓa tuwon ta ce ya huce, a ɗumamo, a ƙara man shanu, a zuba wa baƙon Idi ma, ga shi nan duk ya tsufa. Aka kawo. Ta yi loma uku. A ta huɗu ta ɗago.

"Aji-Huɗu, in shekarar ta cika mayar masa da kujerar za su yi?"

Na ce, "Ba mamaki su nemi ba shi wata."

Ta suɗe yatsa ta ce, "To ka fara kiwon zabi, ka je ka roƙa kada su ba shi. Wannan karon ni zan ba ka goron."